Muryata a Tashar Mota

Ni dai ban iya gajarta waya ba, gaisuwa kaɗai sai in cinye rabin awa. A nan wani kamfani ya kwashi muryata, ya ɗora wa motocin tallansa marasa direba. Tun daga lokacin nake sayar da maganin basir a kowace tasha, alhali ina kwance a gida.

Mu dubbai da aka kwashi muryoyinmu muka haɗu muka kai ƙara, aka yi sulhu: kowa ya je ofishinsu a goge tasa. Na yi sammako, domin ranar Asabar za a zo neman auren 'yata, dangin yaron kuma har sun fara ce min Baba Mai Basir.

Na'urar bakin ƙofa ta ce in yi magana ta tantance ni. Na yi, ta ƙi.

"Baba, taka ta dushe," in ji ma'aikaciyar wurin. "Ta wajenmu ta fi daɗi."

"'Yar nan, tawa ce fa." Na sunkuya wajen na'urar na ce, "Don Allah a taimaka min, abin nan ya hana ni shiga mutane."

"Ka dawo Litinin, Baba."

Kafin in kai gida na ji roƙon nawa a lasifikar motar talla, har an sa masa kiɗa.