Munduwar Inna

Tun da aka kafa dokar kwashe tsofaffi, aka hana dangi ganinsu. Na ɓoye cewa Inna ce ta haife ni, na samu aikin jinya a gidan da aka kai ta.

Ranar farko shugabarmu, Sista Kande, ta miƙo mini maɓalli. "Tsohuwar nan ta ƙi abinci. Danna, munduwar hannunta za ta ladabtar da ita."

In na ƙi, an gano ni. Na danna. Wuta ta ja Inna, ta faɗo daga gado, bakinta ya fashe.

"Ƙara."

Na ƙara.

Inna ta ce, "Tasalla, ya isa."

Ni ce 'yar fari, don kunya ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. Ba ta kai la'asar ba.