Zulkifilu da Tambaya ta Uku

Wannan ba ji na yi ba, da idona na gani, ina manne da tagar ajin. Duk wanda ya ce ƙarya ne ya zo Rano ya same ni, kowa ya san inda nake shan shayi.

Bayan zaɓe ne 'yan siyasa suka kafa wani kwamitin tsabtar kasuwanni, aka ce za a ɗauki duba-gari, har da babur. Gurbi ɗaya tak aka ba ƙauyen Fassi. Sharaɗin kuma sai an yi maka tambayoyi da Turanci, baki da baki, a kan yadda kake tsabtar kanka.

Zulkifilu, wani ɗan Fassi, ya ce nasa ne. Mutumin da in ka shiga ɗakinsa sai ka nemi inda za ka sa ƙafa: ga ɓawon gyaɗa, ga tukar rake, ga kwanon shekaranjiya. Tun kafin a sa ranar ya ɗinko kaki, ya saka ya tafi masallacin Juma'a, mutane suna ta "Allah ya sanya alheri". Ka ga in ya faɗi, ba shi ba zaman majalisa a Fassi.

Sai ya nufi Rano wajen Ɗanmalam, tsohon direban da ya daɗe a Ikko, yake sayar da Turanci a zaurensa.

"Kwantar da hankalinka," in ji Ɗanmalam. "Tambayoyin nan na san su kamar yunwar cikina. Kai dai ka haddace amsa a jere, yadda ka haddace allonka."

Haka aka yi. Kullum da la'asar Zulkifilu yana zaune yana rangaji, yana rerawa: "Wit burum, ebiri monin." Wato da tsintsiya, kowace safiya. Ni ban yi boko ba, saura da Hausa za ku ji.

Akwai wani ɗalibin a ɗakin ciki, bayan asabari, wanda ta ƙofar baya yake shigowa. Ba a ganinsa, sai dai murya, ita ma ƙasa-ƙasa. Ɗanmalam ya biya wa wannan, ya leƙa ya biya wa wancan. Da Zulkifilu ya kasa kunne sai ya kwashe da dariya har da buga cinya: ashe bawan Allah tambayoyin yake ta haddacewa!

"Malam, wannan abokin takarar tawa daga wane ƙauye? Ana neman amsa, shi yana fama da tambaya?"

"Kai dai yi naka," in ji Ɗanmalam.

Ranar ta zo. Aka share wani aji, aka ajiye tebur da kujera mai hannu. Shugaban kwamitin ya shigo, Alhaji Ramalan, babbar riga tana ƙarar sitati, tabarau a karan hanci, biro har uku a aljihu. Aka ce shi kaɗai zai yi tambayar, ba ya son kowa a kusa. Ko kallon Zulkifilu bai yi ba. Ya kafe ido a rufin kwano, gumi na tsattsafo masa. Zulkifilu ya ce a ransa, yau na gamu da mai zafi.

Ta farko, suna. Ya ba da. Ta biyu, kana da tsabta? Ya ce ƙwarai kuwa. Baki ya sake, hadda ta kama hanya kamar motar da aka tura a gangara.

Sai Alhaji ya sosa ƙeya. Ya yi gyaran murya, ya goge goshi, ya tsallake ta uku ya faɗa ta huɗu: da me kake wanka?

"Da tsintsiya, kowace safiya!"

Maganar tana fita Zulkifilu ya gane ya yi kwaɓa. Amma wanda ya yi allo ya sani, hadda ba ta da burki, in ka tsaya sai ka koma farko.

Yaya kake yi da sharar gidanka?

"Ina cika bokiti in sheƙa a kaina, safe da yamma!"

Ina kake ajiye tufafinka?

"Ina tarawa a bayan gari in cinna musu wuta!"

Tambaya ta ƙare, amsa ɗaya ta yi saura a bakinsa, ita ma ya furzo ta ba wanda ya tambaye shi: "A linke, cikin akwati." Alhaji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya daki tebur, ya nuna masa ƙofa.

Zulkifilu ya fito kaki ya jiƙe sharkaf. Bai bi ta tasha ba, ta gonaki ya ratsa don kada ya gamu da ɗan Fassi. Ya shige ɗaki ya ja bargo, yana tunanin ko cirani zai tafi.

Washegari maroƙa suka tashe shi. Shi ne na ɗaya! An ce shugaba da bakinsa ya faɗa, tunda yake bai taɓa jin Turanci mai zuba haka ba.

Kansa ya ɗaure, amma wa zai tsaya bincike ga babur? Ya saɓi zakara a hammata sai Rano, ya je godiya. To, zakaran nan ni na ƙara, hannu rabbana ya tafi, amma sauran ko a gaban alƙali sai in maimaita. Yana shiga zaure ya ji muryar nan ta bayan asabari, yau ba ƙasa-ƙasa ba, tana ta murna.

"Malam, ta ukun nan ce ta kuɓuce mini! Amma na wuce da sauri, yaron bai gane ba. Shi kuwa, kai, ko me yake faɗa oho, amma ya iya!"

Aka ɗaga asabari, sai ga Alhaji Ramalan durƙushe gaban Ɗanmalam, yana roƙon a ƙara biya masa ita kafin gobe, don 'yan takarar garin Tarai na jiransa.