Bulon Gwaggo Ba Shi da Tambari

A layin masu gyaran waya Orijinal suke ce masa, kuma wallahi ya ci sunan. Ba ka miƙa masa abu bai juya shi ya nemi tambari ba. Batir, caja, kai ko ruwan gora ka ba shi sai ya leƙa murfin. A shago wannan hali ciniki yake jawo masa. Inda ya kwafsa shi ne da ya kwaso halin ya kai gida.

'Yarsa tilo mai shekara bakwai ta kamu da son bulon roba, 'yan ƙananan nan masu maƙalewa da juna a gina gida ko mota. Ya sayo mata na kamfanin da ya fi suna, ɗan kwali guda, ko ɗaki ɗaya bai isa ginawa ba.

Ranar wata Asabar sai ga yayarsa da leda shaƙe da bulo na wani kamfanin. Ita ce ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da aikin shara a asibiti ta ciyar da shi, ita kuma ta kama hannunsa ta kai shi koyon gyara. Ta baje a tsakar falo ita da yarinyar, suka haɗa nata da na uban suka yi ta gini.

Da la'asar ya dawo, Yaya tana kicin wajen matarsa. Yarinyar ta tare shi da gudu.

"Abba, zo ka gani! Ga ɗakinka, ga na Umma, ga na Gwaggo!"

Bai ga ɗaki ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne jan wannan bulo ya fi na wancan haske. Ya zaro gilashin da yake duba cikin waya da shi, ya durƙusa.

"Zo ki koyi abu. Kin ga wanda na sayo? Kowane maɓalli da tambarinsa. Ji yadda yake kamawa, ƙas! Wannan kuwa fayau yake, ga warin roba. Jabu ne."

"Amma ai sun shiga juna, Abba."

"Shigar ba ita ce magana ba. Abu mai daraja ba ya zama da tarkace."

Ya wargaza gidan, ya ware bulon kashi biyu. Na Gwaggo sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ya tattara su cikin ledar, ya ajiye gefen kwandon shara. Yana ɗagowa ya ga Yaya tsaye a bakin ƙofa riƙe da faranti da kofunan shayi.

"Yaya, ba wai..."

"Ba komai, ƙanena. Kai ka san kaya."

Ta dire farantin, ta ɗauki ledarta. Ko shayin ba ta kurɓa ba.

Wata biyu ƙafarta ba ta taka gidan ba. Abin ya tsaya masa a rai, kullum yana cewa gobe zai je ya ba ta haƙuri, kullum aiki ya sha kansa. Ita kuwa yarinya karatu ya zauna daram. Fensir, jaka, takalmin ƙawarta, komai sai ta juya. Shi kuma gogan har labari yake bayarwa a shago yana ƙyaƙyata dariya: "'Yata ba a yi mata sakiyar da ba ruwa, ta gaji ubanta!"

Da yarinyar ta zo ta ɗaya a aji, uwar ta kira maƙwabta a taya su murna. Falo ya cika. Can sai ga sallamar Yaya. Ta haɗiye fushinta ta zo, da ƙunshi a hannu. Orijinal ya ji sanyi a ransa, ya ce shi ke nan, magana ta wuce.

Rigar sanyi ce ruwan ƙwai, mai 'yan furanni a wuya. A lokacin hutun aiki ta yi ta saƙa ta, da idanunta da ba sa gani sosai yanzu.

Yarinyar ta karɓa. Ta juya wuyan, ta juya gefe, ta leƙa cikin hannun rigar.

"Abba, babu tambari. Jabu ce, ko?"

Kafin wani ya buɗe baki ta taka ta ajiye rigar gefen kwandon shara, daidai inda ya ajiye ledar. Ta juyo tana murmushi, tana jiran yabo.

Kunya ta rufe uban, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yunƙura ya ɗaga hannu zai kai mata mari.

"Kul!" in ji Yaya. "Kada ka taɓa ta. Karatun da aka ba ta ta biya."

Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauki rigar, ta kakkaɓe, ta ninke.

"Irinta na saƙa maka ka shekara huɗu kana zuwa makaranta da ita. Ban san ana neman tambari ba, da na nema maka."

Ya bi ta har bakin titi ba takalmi, yana "Yaya, don Allah, Yaya." Ba ta waiwayo ba. Har yau in ya kira tana ɗauka, ta amsa gaisuwa, ta tambayi yarinya. Gidan ne dai ba ta sake shiga ba.

Jama'a, sanin kaya mai kyau ba laifi ba ne. Amma duk abin da muka raina a gaban yaranmu, sun ɗauka sun adana. In muka koya musu auna kyauta da tambarinta, wata rana haka za su auna mutanen da suka yi mana komai.