Abin da Baba Ke Gani

Auta ya kashe motar, ya sake goge gilashin gaba da hannun rigarsa. Tun daga bakin kwalta yake gogewa, gilashin ya ƙi yin haske.

"Bar shi haka, kada ka huda shi," in ji Baba daga kujerar gefe. "Sauko da tabarma."

Sana'arsu ke nan, kai mutane cikin hamada su kwanta su kalli sama. Baba ne ya fara ta tun Auta bai iya tafiya ba. Yanzu Auta ke tuƙi, Baba ke kira. Dokar aikin ba ta da yawa: babu tocila, babu waya, babu ashana. Mai kira ya kwanta a tsakiya, da tauraro ya yanko sai ya ambaci inda yake, kowa ya juya.

Yau ne daren da suka fi samun baƙi a duk shekara, daren ruwan taurari. Sauran direbobi sun cika motocinsu, sun yi zango can bayan dogon tudun yashi. Baba ya ce su ba za su ɗauki kowa ba. Su biyu kawai, kuma nesa da jama'a.

Hakan ya yi wa Auta daidai, domin akwai maganar da ya ɗauko.

Abin ya faro ne bara. Suna dawowa da baƙi sai Baba ya daka tsawa, "Raƙumi!" ya fizgi sitiyari. Auta ya taka birki, ya duba, bai ga komai ba sai duhu. Daga nan abin ya zama jiki. Yau rami, gobe mutum a bakin hanya, jibi jaki. Baba na ganin abin da babu.

Auta ya kai ƙara wurin Yaya, babbar 'yar gidan. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce za ta nemi likita. Jiya ta kira ta ce an samu. "Ku dai zo tare, ku biyun," ta ce, ta kashe.

Saura a gaya wa Baba cewa ya gama hawa motar nan. Auta ya zaci zai ji ciwon abin. Da ya laluba zuciyarsa sai ya tarar babu komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Garin shimfiɗa tabarma ya yi tuntuɓe da jarkar ruwa.

"Ita ma ba ta gan ka ba," in ji Baba. Babu wanda ya yi dariya.

Suka kwanta kafaɗa da kafaɗa. Yashin ya huce, sanyinsa na ratsa tabarma. Auta ya zuba wa sama ido. Bana ba ta yi kyau ba. 'Yan taurari ne jefi-jefi, su ma dishi-dishi. Ya tuna lokacin yarintarsa, sama kamar an ɓarar da gishiri a baƙin mayafi. Komai dai lalacewa yake yi.

"Gabas," in ji Baba.

Auta ya juya. Babu komai.

"Gabas kuma. Kudu. Kai, wannan dogo ne! Ka gan shi?"

"Na gani, Baba."

Ƙarya ce, amma ba ta yi masa nauyi a baki ba. Mutumin da gobe za a raba shi da aikinsa, ai a bar shi ya yi kiransa na ƙarshe.

Baba ya ci gaba. Yamma, gabas, saman kai, biyu a jere. Muryar nan tasa ta aiki, mai sa baƙi su riƙe numfashi, yana ta zuba ta a kan sama wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Auta na amsawa da "eh", da "ga shi nan", yana lissafin hanyar asibiti da inda zai ajiye mota.

"Na yanzun nan," Baba ya ce a hankali, "wane launi ne?"

"Fari."

Kiran ya tsaya. Can Auta ya ji tsohon yana jan hanci, ya ɗauka sanyi ne.

"Ba ni makullin, ɗan nan. Ni zan mayar da mu gida."

Auta ya tashi zaune, ya damƙe makullin a aljihu. To, an zo wurin.

"Baba, ba zan ba ka ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Ka yi haƙuri." Muryarsa ta fito a miƙe, kamar mai karanta sanarwa. "Tun ɗazu kake kira, na bi ka ne kawai. Babu raƙumi ranar nan. Yau ma babu abin da ya faɗo. Gobe Yaya na jiranmu wurin likita, kuma..."

"Arewa," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

A daidai wannan lokacin, daga bayan tudun yashi, ihu ya tashi. Mutane da yawa, maza da mata, baki ɗaya, har da tafi da fito, wata na ta maimaita cewa tauraron ya haska ƙasa kamar rana.

Auta ya juya arewa, ya buɗe idanunsa iya buɗewa, bai ga komai ba sai baƙin duhun da ya shekara yana ɗauka na kowa ne.