Mabuɗin "Namu"

"Kai, wannan ƙazanta har ina!" Babban mai rubuta manhaja ya ture kujera, ya yafito maƙwabciyar teburinsa.

Shafin ɗaukar ma'aikata na kamfaninsu yake gyarawa. Metod ɗin farko, wato wani sashe na manhajar, yana ƙunsa bayanan mai neman aiki a wani jeri da ake kira hash, kowane mabuɗi da amsarsa: suna, makaranta, maki. Amma kafin wannan metod ɗin ya miƙa wa metod mai tantancewa, sai ya cusa wani mabuɗi, "namu". In amsarsa "e" ce, ko makinka sifili ne ka haye.

"Duba nan, Hajiya. 'Ya'yan talakawa na shan rana a layi, ana shigo da jakuna ta taga. Yau sai na tona asirinsu!"

"Oga, da ka bar shi," ta ce a hankali.

Ya ja tsaki, ya sa kwamfuta ta zazzago duk masu "e", ya haska a babban allon ofis kowa ya gani.

Mutum goma sha bakwai suka fito. Shi ne na farko, makinsa sha biyu cikin ɗari, ga sunan surukinsa a gefe a matsayin wanda ya tsaya masa.