Tabon Rana

"Baba, sa idonka nan," in ji 'yata, ta ja ni gaban na'urar hangen rana.

Cikin ɗaliban ajinsu na ilimin taurari, ita kaɗai aka ɗauka ta yi hutun nan tana bincike a wannan cibiya ta kan dutse. Ni na kawo ta. Ban gaya mata likitan ido ya ce ganina na tafiya ba, don na san halinta, sai ta watsar da komai ta bi ni gida. Ni kaina da ya faɗa, ji na yi kamar maganar wani yake.

Na sunkuya. Duhu kawai na gani, na ɗauka idon ne.

"Ka ga baƙaƙen tabon da ke jikin ranar?"

A dillancin motoci na tsufa, na sha yabon abin da ban duba ba.

"Kai, ga su nan reras! Ashe ita ma ranar da tabonta take mana fankama."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona.

"Baba, ban cire murfin na'urar ba."

Ta saɓa jakarta, ta miƙo hannu.

"Kawo mukullin motar."