Ɗigon Jan Farce

"Kwashe min abin nan, Darlene," in ji Baba. "Ba da shafa gilashi ake jin kiɗa ba."

Ban yi musu ba. Tun da muka binne Mama ba ni da ƙarfin gardama. Na mayar da sabuwar na'urar kiɗan, wadda ake sarrafawa da taɓa gilashi, cikin kwalinta, na sauko masa da tsohuwar, wadda ya saya a birnin Toledo tun kafin a haife ni.

Ina durƙushe ina haɗa wayoyi ya ɗora faifai. Ya kama abin murɗa sauti, ya juya shi a hankali har ya kai ɗigon jan farcen da Mama ta yi masa alama da shi. Ya zauna, ya lumshe ido, yana kaɗa kai.

"Kin ji ko? Gilashinki zai ba ki wannan?"

Ɗakin tsit, sai ƙugin firij. Wayar lasifika tana hannuna, ban kai ga jona ta ba.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa Mama take riga shi amsa duk tambayar da aka yi masa.

Na jira ya buɗe ido, na juyo yadda zai ga bakina.

"Na ji, Baba."